Jakar da Aka Rataya wa Balkisa

Zuwa ga Shugaban Sashen Koyar da Harkar Kuɗi da Banki, na jami'ar da 'yata take karatu a nan Lome.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka da malaman da ke aiki tare da kai. Ban san ka ba, ban kuma san addininka ba, don haka na gaishe ka da gaisuwar da ta dace da kowane babba. Ina gajiya, ina aiki, ina ɗawainiya da 'ya'yan mutane.

Mu a nan gida Zongo da sauƙi. Maigidana yana kwance shekara biyu ke nan, tun da hawan jini ya shanye masa ɓarin dama. Yana ji, yana ganewa, amma maganarsa sai wanda ya saba da ita. Mahaifiyarsa tana nan da ranta, idanu ne suka tafi. Babban ɗana lafiyarsa lau, yana tuƙin babbar mota daga tashar jirgin ruwa zuwa arewa, sai mu yi wata ba mu sa shi a ido ba. Ƙananan biyu suna zuwa lakkol, wato makarantar boko, tari ya kama autar amma ya sake ta. Ni ƙafa ce ke damuna, kuma ba yau ta fara ba. Wadda ba ta da lafiya a gidan nan, ko da yake likita ba zai sami komai a jikinta ba, ita ce Balkisa, ɗalibarka ta shekara ta uku. Saboda ita na ɗauki alƙalami.

Sunana Hajara. Ina sayar da kayan yaji da turaren wuta a kasuwar Zongo. Ban shiga lakkol ina yarinya ba. Sai da na haura arba'in na fara zuwa ajin mata da wata malama 'yar Maraɗi take yi bayan la'asar, a can na koyi rubuta Hausa. Faransanci ina jin na ciniki, ba na rubuta shi. Na san a cikin ɗalibanka akwai 'ya'yan Zongo, ka kira ɗaya ya karanta maka, kuma ka ce masa kada ya tsallake komai don jin kunyarka.

Sau uku na zo jami'arku. Zuwan farko mai gadi ya ce ba ranar ganin mutane ba ce. Na biyu na kai har ƙofar ofishinka, sakatariyarka ta dube ni ta ce a jami'a ba a ganin iyaye, ɗalibi babba ne, shi ke magana da bakinsa. Na uku ta ce in rubuto. Ga shi na rubuto. Na sa an yi wa takardar nan kwafi, ɗaya ta zo ofishinka, sauran su zaga inda Allah ya kai su, domin na ji tsoron kada ta kwanta a cikin aljihun tebur har lokaci ya ƙure. Balkisa ba ta sa ni ba. Da na karanta mata sai da ta roƙe ni in cire sunanta. In akwai laifi a wannan rubutu, nawa ne ni kaɗai, kada a huce a kanta.

Bari ka san yadda yarinyar nan ta zo hannunku. Sama da shekara ashirin ni ce uwar adashin matan layinmu da na kasuwa. Tun ban iya rubutu ba nake riƙe da shi, da ƙwayar wake a gwangwanaye, kowace mace da gwangwaninta. Balkisa ta tashi tana zaune a gefena tana jefa waken. Ita ta fara ce mini, Inna, ai wannan abin karatunsa ake yi har jami'a. Da ta ci jarrabawar bak ta gama sakandare, ƙannen mahaifinta suka taru a zaure suka ce karatun cin riba ne, ba za a yi shi da 'yarsu ba. Ta durƙusa ta yi musu bayani. Ta ce mai wannan karatu yana iya riƙe littafin kamfani a tashar jirgin ruwa, yana iya aikin haraji ko na inshora, akwai ma bankunan da ba sa karɓar ruwa, amma ita abin da take so shi ne ta zama mai binciken da ake kira ya duba ko an ci amana a ma'aikata. Ba su gamsu ba. Ni na tsaya mata, na ce in abin ya ɓaci a tambaye ni. Mahaifina ya sha gaya mana cewa inda tsohon Zongo yake a tsakiyar gari, kafin a tashe mu a dawo da mu nan Agoè, yau manyan bankuna ne a tsaye a wurin. Na ce a raina, to bari ko jikarsa ɗaya ta shiga ginin nan ta ƙofar gaba.

Shekara biyu da rabi ban taɓa samun abin kuka da ku ba. Ga kukana yanzu.

Na ɗaya. Kun ce ɗalibi ba ya samun takardar gama karatu sai ya yi aikin koyo na wata uku a wata ma'aikata, abin da kuke kira sitaj, kuma shugaban wurin ya sa masa hannu. Waɗanda iyayensu suka san mutane sun sami manyan bankuna. Waɗanda ba su san kowa ba, sashenka ya raba musu wurare daga cikin jerin da aka manna a allo. Balkisa ta faɗa a wani ƙaramin gidan ajiya da lamuni a unguwar Djidjolé. Ba zan kama sunansa ba. Mun yi murna, har na ɗinka mata kaya kala biyu. Satin farko tana zaune a ofis, ana nuna mata takardu. A sati na biyu na kira ta a waya, ta amsa mini da Hausa, daraktan gidan yana wucewa ya ji. Ya tambaye ta inda take zaune. Ta ce Zongo. Ya ce shekara guda suna neman shiga kasuwar Zongo, matan wurin sun ƙi ba ma'aikatansa ko sisi. Washegari aka ba ta riga mai sunan gidan a baya, da ƙananan littattafan ajiya, da jaka ta ratayawa. Aka ce ta koma unguwarsu ta riƙa karɓar ajiyar kullum, kuma sai ta kawo mata hamsin darakta zai sa mata hannu. Ranka ya daɗe, shin wannan ne karatun da kuka tura ta ta koyo? Kuma akwai malami ko ɗaya daga sashenka da ya taɓa taka ƙafa ya ga gidan nan kafin a rubuta sunansa a allo? Sati bakwai ke nan, ba wanda ya leƙa ta.

Na biyu, kuma shi ne babba, don haka ka yi haƙuri da tsawonsa. Mata talatin da takwas ta samu zuwa yau. Ba rigar ce ta jawo su ba, ba kuma bayanin da aka koya mata ta yi ba. Sun ba ta ne saboda 'yar Hajara ce. In ka tare kowace a cikinsu ka tambaye ta sunan gidan da kuɗinta yake, wallahi ba za ta iya faɗa maka ba. Cewa za ta yi, kuɗina yana wurin Balkisa.

Wataƙila a wurinku wannan magana ce kawai irin ta mata. A Zongo ba haka ba ne. Mu garin baƙi ne, kowa daga wani wuri iyayensa suka zo, kuma abin da ya riƙe mu tun kakanni shi ne, duk wanda ya kawo mutum, shi ke amsa laifinsa. Baƙo ya sauka daga Dosso ko Sakkwato, maigidan da ya sauke shi ne ake nema in ya yi ɓarna. A kara, kasuwar shanu, in wanda ya sayi sa ya gudu, dillalin da ya haɗa cinikin ne zai biya, ko da bai ci komai ba sai la'adarsa. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, ba a kuma zuwa kotu a kansa. Ana zuwa ƙofar gidanka ne a zauna. A takardarku Balkisa ɗaliba ce mai koyon aiki, wata uku ta tafi. A idon Zongo ita ce gidan ajiyar, ni kuma ni ce na tsaya mata.

Na ga abin nan da idona. Shekarun baya wasu mutane sun zo da alkawarin riɓanya wa mata kuɗi. Wanda ya yi musu jagora a layinmu wani tela ne, Malam Isufu, mutumin kirki, shi ma ya zuba nasa. Ran da aka wayi gari ofishinsu a kulle, ba wanda ya je neman masu ofis, don ba wanda ya san garinsu. Wurin Malam Isufu aka je. Ba a doke shi ba, ba a zage shi ba. Ya sayar da kekunan ɗinkinsa uku, bai kai ko'ina ba. Aka daina kai masa ɗinki. Matarsa ta daina zuwa suna da biki, don in ta shigo hira takan tsaya. Daga baya suka tattara suka bar Lome, har yau ban san inda suke ba. Mutumin nan bai ci dala ɗaya ta kowa ba, kowa kuma ya san haka.

Abin ma bai tsaya a kan matan Zongo ba. Maƙwabciyata Da Afi, mai sayar da banda a kasuwar Adawlato, ba Bahaushiya ba ce, ba Musulma ba ce, amma shekara ashirin muna katanga ɗaya, ta ɗauki halinmu. Ta karɓi littafi, ta kuma kawo mata huɗu daga cocinsu. Ran nan ta leƙo ta kan katanga tana dariya ta ce, “Hajara, in kuɗina ya yi ƙafa, ɗakinki zan tare, ke za ki ciyar da ni har Kirsimeti, kuma kin san ba na cin tuwo babu kifi.” Na taya ta dariya, amma tawa ba ta wuce haƙora ba.

Na uku. Da a ce gidan nan lafiya yake, da na haɗiye tsorona na yi shiru. Ga abin da ya faru. Iya Salamatu mai waina, tsohuwa ce da ta girme ni, ta tara jaka arba'in a wurinsu, wato sefa dubu arba'in. Matar ɗanta ta zo haihuwa, likita ya ce sai an yi mata aiki. Iya ta hau zemijan, babur ɗin haya, har Djidjolé da littafinta a hannu. Aka ce ta dawo Alhamis. Ta koma Alhamis, aka ce na'ura ta lalace. Ta koma Litinin, aka ce darakta ya yi tafiya. A zuwa na huɗu aka ba ta rabi, aka ce sauran sai ƙarshen wata. Mu mata muka haɗa abin da ya samu, aka yi aikin, Allah ya raba lafiya. Bayan kwana biyu da hantsi ta shigo gidana. Ba ta ɗaga murya ba. Ta gaida maigida da jiki, ta zauna a tabarma, ta sha ruwa, na yi mata barka da arziki. Da za ta tashi ta ajiye littafin a gabana ta ce, “Hajara, ni ban san Djidjolé ba, ke na sani.” Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Balkisa ta je ta tambayi darakta dalili. Ya ce mai koyon aiki ba ta tambaya, kuma ta tuna da takardar riƙe sirri da ta sa wa hannu ranar farko. Daga nan ta fara buɗe ido. Ta ce mini a shekara ta biyu kun koya musu cewa duk gidan da ke karɓar ajiyar mutane dole ne ya sami izinin hukuma, ya kuma rataye shi inda kowa zai gani. Ta je ta tsaya gaban takardar da ke cikin gilashi a bangon ofis ta karanta ta da kyau. Ba izinin ba ne. Kwafin takardar neman izini ce. Ranar ta dawo gida ta zauna a bakin gado da rigar a jikinta, har aka kira magariba ba ta cire takalmi ba.

Ina so a fahimce ni. Ban ce ɓarayi ba ne. Allah yana gani ban sani ba. Wataƙila izinin yana hanya, wataƙila matsi ne na ɗan lokaci irin wanda kowane ɗan kasuwa yake shiga. Rashin sanin ne yake cin mu. Ni mai sayar da citta da kanumfari ce, ba ni da hanyar ganewa. Ku kuna da ita. Ku kuka koya wa yarinyar nan yadda za ta gane alamar haɗari, ku ne kuma kuka tura ta inda ta gan shi, sannan kuka bar ta ita kaɗai da abin da ta gani.

Na huɗu, hanya. Kullum bayan azahar takan gama zagaye, ta hau zemijan da kuɗin mutane a jaka daga Agoè har Djidjolé. Ka san nisan, ka san cunkoson. Rigar da ke jikinta tana gaya wa duk wanda ke bayanta abin da ke cikin jakar. Sati biyu da suka wuce wasu mutum biyu a kan babur suka bi su tun daga mahaɗar hanya. Mai zemijan ɗin dattijo ne, ya lura, ya karkata ya shiga gidan mai ya tsaya a tsakiyar mutane, sai da suka gaji suka wuce. Da ta faɗa a ofis, aka ce ta riƙa sauya hanya. A cikin takardun da ta sa wa hannu akwai wadda ta ce duk abin da ya ɓata a hannunta ita za ta biya. Albashi babu, kuɗin zemijan kaɗai ake ba ta, shi ma ba kullum ba. Tun daga ranar, in ta fita ba na iya auna yaji daidai. Duk ƙarar babur da ta tsaya a bakin rumfata sai in leƙa in ga ko ita ce.

Na biyar. Ka dubi inda aka saka yarinya mai shekara ashirin da biyu. In ta ajiye jakar, darakta ba zai sa hannu ba, ku kuma ba za ku bar ta ta gama ba, shekara ta tafi, kuma ba na jin ƙannen mahaifinta za su bari ta sake wata. In ta ci gaba, kullum kuɗin wata mata yana ƙara shiga inda ita kanta ba ta yarda da shi ba. In ta buɗe baki ta gargaɗi mata, ta karya takardar sirri, kuma in suka ruga gaba ɗaya gidan ya rufe, za a ce ita ta kashe shi. In ta yi shiru ya rufe da kansa, za a ce ta sani ta ɓoye. Na juya abin ta ko'ina ban ga ƙofa ba. Ta daina cin abinci sai na tsaya a kanta. Yarinyar da take tashe ni da labarin darasi, jiya tana wanke wa mahaifinta hannu na ji ta ce masa, “Baba, da ɗinki na koya.” Shi kuwa hawaye kawai ya bi masa ta gefe ɗaya.

Ba zan ɓoye maka abin da na yi da kaina ba. Na hana ta karɓar sabuwar mace ko ɗaya. Mata biyu sun zo har gida neman littafi, na ce sun ƙare, Allah ya yafe mini ƙaryar. Darakta ya lura lissafi ya tsaya a talatin da takwas, ya ce mata hannunsa ba ya sauka a kan takardar malalata. Sannan ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an kwashe adashi, na roƙi mata su dakata. Ni ban sa hannu a takardar sirrin kowa ba. Na gaya musu abin da na sani, na gaya musu abin da ban sani ba. Wata ta miƙe ta ce gobe da asuba za ta tafi Djidjolé. Iya Salamatu ce ta ce ta zauna. Ta ce in muka tafi gobe gaba ɗaya, ƙofar za a ja a rufe, mu rasa, yarinya ta rasa. Ta ce dama satin ƙarshe kafin azumi kowa zai je ɗebo nasa, to a bari sai lokacin, a ba Hajara dama ta nemi manyan makarantar.

Wannan ma sai na yi maka bayani, don na lura ba darakta ba, ba ku ba, babu wanda ya sa shi a lissafi. Matan Zongo ba don tsufa suke ajiya ba. Don azumi suke yi. A satin ƙarshe na Sha'aban mai waina za ta sari shinkafa da mai, mai koko za ta sari gero da sukari, mai ɗinki za ta sari yadi, domin cinikin wata ɗaya shi ke riƙe gida rabin shekara. Duk mata talatin da takwas ɗin nan, in ka cire Da Afi da mutanenta, a sati ɗaya za su je, kowace tana son nata duka. Gidan da ya kasa ba tsohuwa ɗaya jaka arba'in a zuwa huɗu, ban san abin da zai yi ranar ba. Sati uku ya rage a ga wata. Aikin Balkisa kuwa saura sati biyar. Ranar za ta same ta da rigar a jikinta.

Matan nan ba don gidan ajiya suka yi haƙuri ba, don ni suka yi. Yanzu in na ratsa kasuwa gaisuwa tana nan yadda take, amma ana bin bayana da kallo, kuma na san abin da ake jira.

Ga abin da nake roƙo, ranka ya daɗe, da girman kujerarka.

Ka tura malami ɗaya wanda ya san aikin, ya je Djidjolé da sunan jami'a ya nemi ganin izinin gidan nan. Ku za a nuna muku abin da ba za a nuna wa ɗaliba ba. In lafiya yake, ku gaya mana, ni da bakina zan bi mata gida gida in ba su haƙuri, in kuma je in roƙi gafarar darakta. In ba lafiya ba, ku kun san hukumar da ake kai wa irin wannan magana, kuma muryarku za ta isa inda tawa ba ta isa.

Ka ɗauke Balkisa daga wurin, ka mai da ita wata ma'aikata ko da ƙarama ce, a lissafa mata sati bakwai da ta yi, kada gama karatunta ya rataya a kan hannun mutumin da take tsoron tambaya.

Ka ba mu takarda mai hatimin jami'a, wadda ta ce yarinyar nan ɗaliba ce da kuka tura, ba mai gidan ba ce, ba ta da kaso a ciki. Zan kai wa liman a fassara a karanta. Na san takarda ba ta goge al'ada, za a zo ƙofata ko da ita ko babu ita. Amma ƙannen mahaifinta za su ji, kuma wanda zai ɗauke ta aiki gobe zai gani.

Na ƙarshe ba don 'yata ba ne. Kada ku ƙara barin a tura ɗalibi karɓar kuɗi a unguwar da aka haife shi. Duk mai neman yaro don harshensa da sunan uwarsa, ba aiki zai koya masa ba. Ku faɗa wa ɗalibanku wannan a aji, tun suna shekarar farko, musamman 'ya'yan Zongo, don su ne za a fi nema.

Ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon riƙe amanar da ke wuyanka, ya shirya maka zuriyarka, ya sa kada ka taɓa zama kana jiran ƙarar babur da ɗanka a kai. Allah ya sa waɗanda kuka koyar su zama masu tsare dukiyar talakawa. In na faɗi abin da ya yi zafi, ka yafe mini, tsoro ne ya faɗe shi.

Yau Lahadi na gama rubutun nan. Ina jiran amsarka kafin Juma'a, ba wannan mai zuwa ba, ta bayanta, don a ranar mata za su sake taruwa a gidana kuma dole in tsaya a gabansu da magana. Ba sai ka rubuta da Hausa ba, Balkisa za ta karanta mini. In aike ne, duk wanda ya shigo kasuwar Zongo ya ce rumfar Hajara mai yaji, za a kawo shi.

In Juma'ar ta zo ban ji komai ba, na riga na gaya mata abin da za a yi. Ranar Asabar za ta ninke rigar ta ba ni, da jakar, ni zan kai su Djidjolé, in shiga gaban mata mu tsaya a ƙofar har a ba kowa nata ko a rufe a kan idonmu. Ita kuma za ta zauna a gida, karatun shekara uku ya tsaya a nan. Da na faɗa mata ba ta yi gardama ba, ta ce to, Inna. Ni na tsaya a zaure na ce sai ta yi karatun nan. Ina roƙon ka, don girman Allah, kada ka bari ya zama ni ce zan cire ta da hannuna.

Wassalam.

Ni ce,
Hajara, mahaifiyar Balkisa,
Zongo, Lome.